Kurakuran da aka fi yi da fointa da rafarans a tamfilet na C++

A yaren rubuta manhaja na C++, tamfilet kod ne da ake rubutawa sau ɗaya ya yi aiki da nau'in bayanai iri-iri, `T` kuma shi ke tsayawa a madadin nau'in. Fointa adireshin abu ne a ma'adanar kwamfuta, rafarans kuwa wani suna ne na abin da yake nan. Kusan duk matsalolin nan tushensu ɗaya: mai rubuta kod yana zaton ya san abin da `T` ya zama, alhali kamfaila, manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura, ta yanke wani hukunci daban.

Ɗauki `template<class T> void f(T x)`. In ka miƙa masa jeri, a ce `int a[10]`, `T` zai zama `int*`. Tsawon jerin ya ɓace ke nan, `sizeof(x)` kuma girman fointa zai ba ka, bayit 8 a galibin kwamfutoci masu bit 64. Maganinsa ka karɓi jerin ta rafarans: `template<class T, std::size_t N> void f(T (&a)[N])`, sai `N` ya riƙe maka adadin. Mai amfani da C++20 ya huta, `std::span`, mai riƙe adireshin jeri tare da tsawonsa, ya ishe shi.

Wanda ya fi cin mutane, a ganina, shi ne `std::max`, mai zaɓar wanda ya fi girma cikin abu biyu, domin kod ɗin yakan wuce gwaji lafiya lau. In ka ba shi `const char*` guda biyu, wato fointa zuwa rubutu, adireshinsu zai gwada, ko kallon haruffan ba zai yi ba. Amsar da ta fito daidai yau sa'a ce kawai. Mayar da su `std::string_view`, wanda ya shigo a C++17. Sannan rafarans `std::max` yake dawowa da shi. Idan ka rubuta `const int& r = std::max(x, y + 1);` kuma `y + 1` ya fi girma, `r` yana nuni ne ga abin wucin gadi da ya mutu tun a ƙarshen layin. Cire `&` ɗin nan, kwafin `int` ba ya da tsada.

Sai `T&&` da C++11 ya kawo. A cikin tamfilet yana karɓar komai, har da abin da mai kira yake da sauran buƙatarsa. In ka sa masa `std::move`, mai ba da damar kwashe abin da ke ciki maimakon kwafa, ka kwashe wa mutum kayansa bai sani ba. `std::forward<T>(x)` ake amfani da shi a nan, kuma sau ɗaya tak.

`std::thread` da `std::bind` kwafin abin da ka miƙa musu suke ɗauka. In ainihin abin kake so su taɓa, naɗe shi da `std::ref`.

Duk inda ka yi shakka, tambayi kamfaila: in kana zaton `T` ya zama `int*`, saka `static_assert(std::is_same_v<T, int*>);` cikin tamfilet ɗin, in zatonka kuskure ne za ta ƙi haɗa kod ɗin.