Idan aka gayyace ka wurin ibadar Shinto a Japan

Ni malamin gona ne a Kura. Shinkafa ce ta kai ni kwas Japan, ita ce kuma ta kai ni wurin bautar addininsu na gargajiya, Shinto, wurin da suke kira jinja. Masu shirin tafiya kan tare ni: "Malam, in an gayyace mu, mu je?" Ku je mana, amma kowa ya san inda zai tsaya.

Abin da za ka fara gani wata ƙofa ce mai ginshiƙi biyu, galibi ja, sunanta torii. Bi ta gefe, domin a wurinsu tsakiyar hanya ta kami ce, wato abin da suke bauta wa. Gaba kaɗan akwai kwamin ruwa da ludaya masu dogon mariƙi. Sukan wanke hannun hagu, sannan dama, su zuba a tafin hagu su kurkure baki. In za ka taɓa ruwan, kada ka kafa baki a ludayin kamar yadda muke yi da moda a bakin randa. Tsarkinsu ne, ba alwala ba, kuma babu mai tilasta maka.

A gaban babban ɗakin suna jefa kwabo a akwati, sau da yawa yen 5 mai huji, su sunkuya sau biyu, su tafa sau biyu, su yi roƙo, su ƙara sunkuyawa. Nan ce iyakata. Tun a mota na gaya wa mai masaukina cewa ni Musulmi ne, zan kalla, ba zan yi ba. Na koma gefe na yi shiru, shi kuma ko a fuska bai nuna ɓacin rai ba. Faɗa tun da wuri, ya fi a miƙo maka ƙoƙon sake, giyar shinkafa, ka fara kame-kame a gaban jama'a.

In da zaɓi, nemi bikin dashe na wurin ibadar Sumiyoshi a Osaka, ranar 14 ga Yuni. An yi wa sa ado yana huɗa a cikin taɓo, ana rawa da waƙa a kan dandamali a tsakiyar fadamar, masu dashe kuma sun jeru suna kafa shinkafar. Rawar ba ta ɗauke mini hankali kamar hannayensu ba. Na tuna masu dashen Kadawa, ruwa har ƙauri, baya a duƙe tun hantsi, na ce ashe akwai inda gari guda ke taruwa don girmama wannan wahala.

Ranar 23 ga Nuwamba ake Niiname-sai, godiyar kaka, inda Sarkin Japan da kansa yake miƙa sabuwar shinkafa, ya kuma ɗanɗana. Ziyarar sabuwar shekara, hatsumode, cunkoso ce: wurin ibadar Meiji Jingu a Tokyo kan karɓi kusan mutum miliyan 3 a kwana ukun farko, sanyin kuma ya ninka na hunturunmu. A farkon Fabrairu akwai Setsubun, ana watsa gasasshen waken suya wai don korar aljanu.

Yi sallarka kafin ka fito, cire takalmi inda suka cire, nemi izini kafin ɗaukar hoto. Rumfunan abinci na bakin hanya kuwa, taliyarsu yakisoba yawanci da naman alade ake soya ta, don haka zuba dabino a aljihu.