Yadda na hana ayabata saurin nuna

Ƙananan ayaba nake sarowa a kasuwar Dole, in sayar a ƙofar gida nan Damagaram. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, kwana biyu sai in tarar kaya sun yi laushi, ƙuda na bi.

Da fari na cusa su a firigo. Kuskure ne babba: ayaba ba ta jure sanyin da ya gaza digiri 13, bawon ya yi baƙi ƙirin, mai saye ko kallo ba ya yi.

Ashe ita kanta ayabar ke fitar da wata iska, etilin, mai gaggauta nuna, ni kuwa ina jibge ta da mangwaro da tumatir, su ma masu fitar da ita. Na raba su. Wadda ta fara rawaya ko ta ƙuje, in ware ta nan take.

Sai na sa tukunya cikin babbar randa, na cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, na jera ayabar cikin tukunyar, na rufe da ɗanyen buhu a inuwa. Safe da yamma nake yayyafa ruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki farmanganat ne, wannan da muke wanke salati da shi. Na jiƙa gutsattsarin tukunyar ƙasa a ruwansa mai kauri, suka sha iska, na ƙulle a tsumma na ajiye gefe, ba ya taɓa ayabar. Shi ke cinye iskar etilin ɗin. In launin ya koma ruwan ƙasa, ya gama aiki, sai in sake.

Yanzu ɗanyar da na saro ran Alhamis takan kai wata Alhamis ɗin.