Darasi na 7: Hannun yaro yana riga bakinsa magana

Wata ɗaliba a ajinmu na yamma, can Gwammaja, takan zo da ɗanta a goye. Watansa goma. Ran nan muna tsakiyar karatu ya ɓare baki. Ta sauke shi ta ba shi mama, ya ƙi. Ta duba nafkin ɗinsa, a bushe yake. Ta jijjiga shi, ta hura masa kunne, ta zagaya tsakar makaranta da shi, kuka sai abin da ya ci gaba. Can wata dattijuwa daga bayan aji ta ce, "Ke 'yar nan, ba shi ruwa mana, ba ki ga zafin da ake yi ba?" Ya shanye rabin kofi, ya yi ajiyar zuciya, barci ya kwashe shi. Yaron ya san abin da yake so sarai, hanyar faɗa ce ba shi da ita.

Yawancin yara sai sun kai wajen shekara ɗaya suke furta kalmar farko, don sarrafa harshe da leɓe da numfashi a lokaci guda aiki ne mai wuya. Hannu kuwa yana nuna da wuri. Tun yaro yana wata tara zuwa goma za ki ga yana miƙo hannuwa a ɗauke shi, yana tafi, yana ɗaga hannu ya yi wa babansa bai-bai. In ba ya son abu ya maƙe kafaɗa. In an idar da salla an shafa addu'a, shi ma ya shafa tasa, har da kunnuwa. Wa ya zaunar da shi ya koya masa? Gani ya yi ana yi. Abin da wannan darasi yake so shi ne ki ƙara masa alamu kaɗan a kan waɗanda ya riga ya iya, alamun abubuwan da yake yawan yi wa kuka.

Daga ina abin ya samo asali

A 1982 wata malamar jami'a a Kalifoniya ta Amurka, Linda Acredolo, ta lura 'yarta mai shekara ɗaya tana shinshina hanci duk sanda ta ga fure. Ita da abokiyar aikinta Susan Goodwyn suka shiga bincike a kai. Wani mai suna Joseph Garcia, wanda ya yi aikin tafinta tsakanin kurame da masu ji, shi ma ya lura cewa yara masu ji waɗanda iyayensu kurame ne suna fara nuna buƙatunsu da hannu tun kafin sa'o'insu su fara magana.

Mu a Kano wannan ba baƙon abu ba ne. Kuramenmu suna da harshensu, maganar hannu, wanda suke hira da ciniki da barkwanci da shi, kuma akwai makarantarsu a Tudun Maliki. Sai dai kada a haɗa biyun. Maganar hannu cikakken harshe ne mai tsari da ƙa'ida. Abin da za ki koya wa jaririnki 'yan kalmomi ne kawai, na ɗan lokaci, kafin baki ya buɗe.

Yadda za ki fara

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan wata shida, sanda yaro ya fara zama kuma an fara ba shi kunu. Kafin wata shida nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, don haka ba ki da abin nunawa da yawa.

Fara da alamu uku. Ga waɗanda suka fi sauƙi:

Mama: ki dunƙule hannu ki buɗe, ki sake dunƙulewa, kamar mai tatsar saniya.
Abinci: ki haɗa kan yatsun hannun dama ki kai baki, yadda muke yi dama in muna nuna loma.
Ruwa: ki lanƙwasa hannu kamar kin riƙe kofi, ki kai baki ki ɗan ɗaga.

In ya kama waɗannan, sai ki ƙara "ƙari", wato haɗa kan yatsun hannu biyu suna taɓa juna, da "ya ƙare", wato buɗe tafuka biyu a juya su. Ni dai da za a bi ta tawa, "zafi" za a sa a sahun farko. Gidajenmu akwai murhu, akwai kurfoti, akwai filas ɗin shayi a ƙasa, ga yaro ya fara rarrafe. Ki kai hannu kusa da abin, ki janye da sauri, ki yarfe shi, ki ce "zafi!" da fuskar da ta nuna da gaske kike.

Ba dole sai waɗannan alamun ba. In gidanku akwai wadda aka saba, ita za ki ɗauka. Sharaɗin kawai kada ta riƙa sauyawa.

Duk sanda kika yi alama, ki faɗi kalmar da baki. Wannan shi ne ginshiƙin darasin, kada ki manta da shi. Kin ɗauko kofi, ki tsuguna daidai fuskarsa, ki bari ya kalle ki, ki ce, "Ruwa? Za ka sha ruwa?" hannunki yana nunawa, sannan ki ba shi nan take. Yana sha ki sake cewa "ruwa". Kunne ya ji, ido ya gani, maƙogwaro ya ɗanɗana. Da haka yake ƙulla ukun wuri ɗaya.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Yaranmu a baya suke wuni, kuma wanda yake goye ƙeyarki yake gani, ba hannunki ba. Saboda haka ki yi amfani da lokutan da kuke fuskantar juna: shayarwa, ba da kunu, wanka, shafa mai. Ba sai kin ware wani lokaci na musamman ba. Ki nuna wa yayyensa ma, da babansa, da duk wanda yake rainonsa. Yayye sun fi kowa naci a wannan harka, wasa suke ɗaukarta.

Kada ki ƙosa. Wani yaron sai an yi makonni, wani wata biyu, kafin ya mayar miki da alamar farko. Kuma ba za ta fito daidai ba. "Ƙari" ɗinsa zai iya kama da tafi, "ruwa" ɗinsa yatsa ɗaya ne a leɓe. Ki karɓa, ki yi masa murna, ki ba shi abin da ya nema, ke kuma ki ci gaba da yin taki daidai. Abin da ba a yi shi ne hana yaro abinci wai sai ya nuna alama. Wannan horo ne, kuma zai sa ya tsani abin.

"Za ki mayar mini da jika bebe"

Ɗalibar nan tamu ta dawo bayan mako biyu da ƙorafin surukarta. Ta ce Hajiya ta gan ta tana yi wa yaron nuni, ta ce, "Wannan wane irin sabon salo ne? Yaro da kunnensa garau ki riƙa yi masa maganar bebaye?" Ita kuma ta ce, "Hajiya, ai ina faɗa da baki, hannun rakiya ce kawai." Amsarta ta yi daidai. Binciken da aka yi bai nuna alamu suna jinkirta magana ba, muddin ana haɗa su da furuci. Da kalmar ta zauna a bakin yaro, da kansa yake yar da alamar, kamar yadda yake barin rarrafe in ƙafa ta yi ƙwari.

Amma kada wani ya ruɗe ki a waya cewa alamu suna mayar da yaro haziƙi. A 2013 masu bincike a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila sun bi jarirai 40 daga wata 8 zuwa wata 20. Waɗanda aka koya wa alamu ba su riga sauran magana ba. Abin da aka gani shi ne iyayensu mata sun fi lura da motsin 'ya'yansu, sun fi saurin gane abin da suke nufi. Wannan ribar ma ta isa. Ba ki buƙatar sayen komai, ba ki buƙatar ɗora shi gaban waya.

Akwai inda alama ba ta isa ba. In yaro ya kai wata shida ba ya waiwayowa in an kira shi ko an buga ƙofa, ko ya kusa shekara ba ya gwaranci, ko ya daina amsawa bayan zazzaɓi mai zafi, ki kai shi a duba kunnensa. Sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai mai tsanani da ciwon kunne mai ruwa duk suna iya taɓa ji. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala. Allurar ƙyanda kuma a wata tara ake yi, ki duba katinsa.

Aikin gida

Ki rubuta a littafinki abubuwa uku da yaronki ya fi yi wa kuka. A gaban kowanne ki rubuta alamar da kika zaɓa. In ba ki da goyo, ki yi da jika ko ɗan maƙwabta. Ranar da ya fara mayar da alama, ki rubuta kwanan wata da watanninsa da lambobi, ki zo mana da shi aji mu karanta tare.