Yadda ake gane ko babbar lamba firam ce ko tana rabuwa

Na daɗe ina koyar da lissafi, kuma wuri ɗaya ɗalibai ke faɗuwa kullum: su gwada 2 da 3 da 5 da 7, su ga ba ta rabu ba, sai su rubuta cewa lambar firam ce, wato ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Bari mu ɗauki 1,234,567 mu bi ta.

Da fari duba wutsiyarta. Ta ƙare da 7, ke nan mara ce, 2 da 5 sun fita. Tara alƙalumanta: 1 zuwa 7 sun ba da 28, kuma 3 ba ya raba 28, shi ma ya fita.

Kada ka ɓata lokaci kana gwada 7 da 11 da 13 ɗaya bayan ɗaya. Ninka su ukun yana ba da 1,001, don haka yanka lambar uku-uku daga dama, ka riƙa debewa kana ƙarawa: 567 a debe 234 a ƙara 1, saura 334. Babu ɗayansu da ke raba 334, to dukansu sun fita a zama guda.

Nan ne fa ake gajiya. Tambayar ita ce, a ina za ka tsaya? Nemo lambar da in ta ninka kanta za ta kusa kai taka. 1,111 sau 1,111 ya ba da 1,234,321, to iyakarka ke nan. Dalili kuwa, in lamba ta rabu gida biyu, dole ɗayan ya kasance bai wuce wannan iyaka ba. Kafin ka isa can, ba ka da bakin cewa firam ce. Firam kaɗai za ka riƙa gwadawa: 17, 19, 23, 29, haka dai. Wanda ya cire 3 ya koma yana gwada 21 aikin banza yake yi. Kalkuletar waya ta wadatar, ba sai ka sayi mai tsada ba. Wani yarona ya kai 113 ya ajiye biro, alhali firam ta gaba, 127, ita ce amsar: 127 sau 9,721.

Ban yi masa dariya ba. Fermat, shahararren masanin lissafi na Faransa, ma ya ɗauka 4,294,967,297 firam ce, sai a 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya nuna 641 na raba ta.

Sauran mai sauƙi ne. Maimaita aikin a kan 9,721, iyakarta 98, za ka tarar firam ce. Masu raba lambarmu huɗu ke nan: 1 da 127 da 9,721 da ita kanta. Tara ukun farko ka sami 9,849, ƙasa da lambar nesa ba kusa ba, don haka a lissafi ana kiran irinta gajiyayya, wato wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ba ta kai ta ba. Da jimlar ta yi daidai da ita, kamar yadda take a 28 da 496, da sai a kira ta cikakkiya.