Kulorofil da haske wajen mayar da amin imin: kurakuran da aka fi yi

A takarda aikin kamar wasa. A tatso kulorofil, sinadarin da ke sa ganye kore, daga alayyahu, a zuba cikin benzilamin (wani nau'in amin, wato sinadari ɗan dangin amoniya), a kunna fitila. Kulorofil ya sha haske, ya miƙa wa oksijin ƙarfin, zaburarriyar oksijin ɗin ta far wa amin, a sami imin (sinadarin da kabon da naitirojin ke haɗe a cikinsa da ɗauri biyu), amoniya ta fita, ba tare da ƙarfe mai tsada irin iridiyam ba. A ɗakin gwaji kuwa, sai ɗalibi ya wuni bai ga komai ba.

Yawanci laifin na ɗanyen ruwan ganye ne. Ganye ba kulorofil kaɗai ya ƙunsa ba, akwai karotin, wanda aikinsa a jikin tsiro shi ne kashe zaburarriyar oksijin kafin ta yi ɓarna. Wato ka hura wuta, ka kuma ajiye mai zuba mata ruwa a gefe. Ka raba kulorofil da karotin a bututun da aka cika da garin silika: ruwan ɗorawar da ke fara sauka in ka zuba heksen, wani ruwan narkar da sinadarai, shi ne karotin, ka ware shi, ka jira koren. Amma kada ka yi nawa, domin silika na da ɗan tsami, tsami kuwa yana fizge magnesiyam ɗin da ke tsakiyar kulorofil. In koren ya dushe ya koma ƙasa-ƙasa, an yi hakan ke nan.

Sai fitila. Wasu kan sayi koriya don kulorofil kore ne, alhali koren haske ne ya fi ƙin sha. Shuɗi yake so, wajen nanomita 430 a ma'aunin tsawon zangon haske, ko ja, wajen 660. Kuma kada a cika kulorofil ɗin har kwalba ta yi duhu, haske zai tsaya a bakin gilashi.

Ruwa ma, duk da ana yabonsa da rashin illa, a nan cikas ne. Zaburarriyar oksijin ba ta wuce maikurosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa) 3 zuwa 4 a cikinsa, a asetonaitiril kuwa, wani ruwan narkar da sinadarai, takan kai gomiya-gomiya. Ga shi ruwa na warware imin ya koma benzaldihaid. Don haka ka yi amfani da busasshiyar kwalba, da balan-balan ɗin oksijin a bakinta.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne rahoton da babu gwajin kwatance. Fitila na zafi, to ta ina ka san haske ne ya yi aikin? Ka sa fanka, ka naɗe kwalba ɗaya da takardar alminiyam, wata ka hana ta kulorofil, ta uku ka kore oksijin ɗinta da naitirojin. In ɗayansu ta ba da imin da yawa, ka binciki dalili kafin ka rubuta sakamako.