Yadda Ake Karanta Bit da Alamomi a Fayil ɗin JPEG

Idan kana rubuta manhajar buɗe hoton JPEG da kanka, ga hanyar da za ka bi.

1. Duba bayit biyu na farko (bayit jerin bit takwas ne, bit kuwa 0 ne ko 1). Dole su zama FF D8 a rubutun hex, inda kowane harafi ko lamba biyu ke nufin bayit ɗaya. In ba su ba ne, fayil ɗin ba JPEG ba ne, ka tsaya nan.

2. Kowace alama, wato bayit biyun da ke nuna iyakar sashe a fayil ɗin, da FF take farawa. Bayan irin su FF DB da FF C4 akwai bayit biyu masu nuna tsawon sashen, bayit mafi daraja ne ke fara zuwa. Su kansu suna cikin lissafin, don haka ka debe 2.

3. Da ka gama karanta kan sashen FF DA, wato alamar fara bayanan hoton kansa, ka shiga matsattsun bayanai. Nan bit ɗaya-ɗaya ake ɗiba, daga na hagu mafi daraja zuwa dama. Riƙa ƙirga nawa suka rage a bayit ɗin da ke hannunka.

4. Wannan matakin ya fi buƙatar natsuwa. In ka ci karo da FF, leƙa bayit na gaba kafin ka taɓa shi. In 00 ne, FF ɗin bayani ne na gaske: riƙe shi, ka zubar da 00. In wani FF ne, ciko ne, wuce. In kuwa tsakanin D0 da D7 yake, alamar sake farawa ce: watsar da ragowar bit, ka mayar da ƙimar DC ta baya da ka riƙe wa kowane launi (lambar da ke nuna matsakaicin ƙarfin launi a ƙaramin yankin hoto) zuwa sifili. Wanda ya manta da wannan zai ga launuka sun jirkice har ƙasan hoton.

5. Da ka ga FF D9, hoto ya ƙare.