Shawara ga Mai Fitowa a Matsayin Mugu

'Yan'uwa, kuskuren da 'yan wasa da yawa suke yi idan an ba su matsayin mugu shi ne zare ido da daka tsawa, alhali mugun gaske bai ɗauki kansa mugu ba. Kafin a fara ɗauka, ka zauna da labarin ka gano abin da mutumin yake nema da hujjar da yake ba kansa, kamar yadda Stanislavski, shahararren malamin wasan kwaikwayo na Rasha, ya koyar. Idan kyamara ta matso fuskarka, ka rage motsi da ƙifta ido, ka sassauta murya, ka yi ɗan shiru kafin ka furta barazana. A ganina, murmushi a irin wannan lokacin ya fi ihu tayar wa mai kallo da tsikar jiki.